Hannun Mai Feɗe Kifi

Shafi na 19

Masu ƙorafin na bar Malsuk tsaye cikin ruwan sama tun jiya, na ji ku. Ga ta nan ta shiga rumfar.

Malsuk ta ɗage labulen leda ta shiga, lemarta na ɗigar ruwa, ƙafarta cikin dogon takalmin robar kasuwa. A kafaɗarta akwai jakar tafiya.

Rumfar Miran tana layin sinimomi na Nampo, tsakanin mai soya fanke da mai gyaran waya. Tebur ɗaya ne da baƙin ƙyalle a kai, kujeru uku, hita a ƙasa, sai katin tarot da take yi wa mutane duba da shi. Miran ƙawar Dasom ce, 'yar Malsuk tilo. Tun suna firamare take cin gasasshen kifi a shagon Malsuk ba a taɓa karɓar ko sisinta ba.

Miran ta ɗago daga wayarta ta saki baki.

"Mama? Ke ce a rumfata?"

"A'a, fatalwata ce. Turo min kujera."

"Ke da kika ce katin nan wasan yara ne mai hoto?"

"Har gobe ban canza magana ba. Zauna ki yi aikinki."

Miran ta zuba mata shayin sha'ir mai zafi. Idonta ya sauka kan jakar, ta kasa ɗaukewa.

"Wannan jakar fa?"

"Gobe zan hau dutse. Haikalin da ke bayan Yangsan suna neman mai girki."

"Shagon fa?"

"Na rufe."

"Dasom ta sani?"

"In ta ga ba ta gan ni ba za ta sani."

 Miran ta sa hannu ƙarƙashin tebur ta danna wayarta da babban yatsa, fuskarta a sake kamar ba abin da take yi. Makon da ya wuce Dasom ta zauna a kan kujerar nan ta yi kuka har muryarta ta dishe, tana cewa uwarta ta guje ta, ta guji 'yarta Nuri.

"Tambaya ɗaya gare ni," in ji Malsuk. "In na ajiye wuƙa na tafi, za a sakar wa yarinyar nan fatarta?"

"Wa ya riƙe ta, Mama?"

"Kifayen da na feɗe."

Duk wanda ya taɓa zama a kasuwar kifi ta Jagalchi ya san aikin. Kifin nan dogo mai kama da maciji, ƙusa ake kafa masa a ka jikin katako, a zare fatarsa yana da rai, a jefa shi kan garwashi yana murɗewa. Da shi Malsuk ta yi abinci tun ranar da mijinta ya rasu ya bar mata Dasom a goye. Shekara talatin da ɗoriya.

Sai ga jikarta Nuri, wadda ba ta cika shekara ba, fatarta ta kama ja tana tsagewa tana saɓa, tun daga kumatu har bayan gwiwa. Safar hannu ake sa mata kullum don kar ta yage jikinta da susa.

"Eopbo ne," in ji Malsuk a hankali. "Alhaki. Abin da ka yi wa mai rai sai ya dawo. In bai same ka ba ya sami naka. Ni na zare fata, ita ake zare wa."

"Likitoci me suka ce?"

"Sun ce ciwon fata ne, yara da yawa na yi. Su mai suka sani, ni na san abin da hannuna ya yi. Tun lokacin kaka nake sayen kifi mai rai ina kaiwa bakin teku ina saki. Mai sayar da kifi tana sayen kifi tana zubarwa a ruwa. Matan kasuwa har dariya suke min. Bai rage komai ba."

Miran ta karkasa katin ta shimfiɗa shi a kife kamar mafici.

"Da hannun hagu. Ɗauki uku, kar ki buɗe."

"Me ya sa hagu?"

"Ya fi kusa da zuciya."

"Da dama nake riƙe wuƙa, gara haka."

Ta zaro uku ta ajiye. Yatsunta duk tabon yanka ne da ƙuna.

Miran ta juya na farko.

Mace ce zaune kan kujerar mulki cikin jar riga, takobi a hannun dama, ma'auni a hagu.

Malsuk ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ga ni nan. Wuƙa da sikeli. Har jar rigar aikina an sa mata."

"Sunan katin Adalci. Shi mutane ke kira katin alhaki."

"Kin gani ko? To tattara, na samu amsata."

"Zauna, Mama. Ke kika zo rumfata, ni zan faɗi lokacin tashi. Dubi takobin. Ina ya kalla?"

"Sama."

"Ta sari wani?"

"Tukuna dai."

"Dubi sikelin. Wane gefe ya rinjaya?"

Malsuk ta ciro tabarau daga aljihu ta kusanto da fuskarta.

"Daidai yake."

"Ke da kika tsufa a kan sikeli, in aka zuba kaya a gefe ɗaya kawai zai tsaya daidai?"

"Ba zai tsaya ba."

"To ke kifi kaɗai kika zuba a naki. Ɗayan gefen kin bar shi fayau kamar ba ki taɓa yin komai a duniya ba sai fiɗa."

"Kar ki yi min daɗin baki, Miran. Na san ki tun kina da majina."

"Shi ya sa ba zan iya yi miki ƙarya ba."

Ta juya na biyu.

Mace ce a tsaye, an ɗaure mata ido da ƙyalle, an naɗe ta da igiya, takubba takwas a kafe kewaye da ita.

Malsuk ta ja baya da kujerarta.

"Wannan kuma wace ce? Nuri?"

"Ke kika ɗauka, ke ce."

"An kama ni ke nan."

"Dubi ƙafarta."

"Me ya sami ƙafar?"

"Ba komai. Ba a ɗaure ta ba. Gabanta ma ba takobi, a gefe da baya suke. Igiyar sako-sako ce, in ta girgiza za ta zame. Abin da ya tsayar da ita ƙyallen idon nan ne."

"Wa ya ɗaura mata?"

"Shi nake so in tambaye ki."

Malsuk ta kawar da kai ta kalli hita.

Miran ta ƙi taɓa kati na uku. Ta ƙara mata shayi, ta shiga tambayarta ciwon gwiwa, da wanda zai kula da tukwanen furenta, da ko haikalin na da ruwan zafi. Malsuk na amsawa a gajarce.

"Ke, buɗe na ƙarshen in tafi. Jan magana kike yi kamar mai jiran wani."

Ba ta rufe baki ba aka ɗage labulen.

Dasom ce, gashinta a jiƙe, Nuri a goye a bayanta an lulluɓe ta da rigar ruwa. Numfashi take yi kamar wadda ta taho da gudu daga tashar jirgin ƙasa.

Malsuk ta miƙe zumbur. Hannayenta biyu suka koma bayanta.

Ta dubi Miran.

"Ke kika kira ta."

"Ni ce."

"Haka ake riƙe sirrin mai zuwa duba?"

"Ke ba mai zuwa duba ba ce, Mama. Uwar ƙawata ce da jakar gudu."

Dasom ba ta zauna ba. Idonta na kan jakar.

"Da gaske ne ke nan. Shekaranjiya na je kasuwa na tarar da shago a rufe. Anti mai kaguwa ta ce ko hutu kika ɗauka. Na kira ki ba ki ɗauka ba."

"Wayar ta lalace."

"Ga ta nan a wuyanki tana haske, Umma."

Malsuk ta kawar da zancen.

"Zauna, kin jiƙe," in ji Malsuk. "Yarinyar za ta yi mura."

"Yarinyar. Suna gare ta."

Dasom ta kwance goyon ta juyo da Nuri gabanta. Kumatun yarinyar ja-ja-wur, wuyanta ya tsage yana tsattsafo da ruwa. Ta ga kakarta ta miƙa hannayenta biyu masu safa.

Malsuk ta ƙara ja baya har ta jingina da ledar rumfar.

"Kin gani, Miran?" in ji Dasom. "Abin da nake faɗa miki ke nan. Duk ranar da ta zo gidanmu a bakin ƙofa take ajiye abinci ta juya. In na miƙa mata Nuri sai ta ce hannunta da ƙarni. Umma, faɗa min kawai. Na girma, zan ɗauka. Ƙyamarta kike yi."

"Me kika ce?"

"Ƙyama. A jirgin ƙasa mutane na tashi daga kusa da mu. A wurin wasan yara wata ta janye ɗanta ta goge masa hannu a gabana. Duk na shanye. Amma ke? Ke da kike sa hannu cikin cikin kifi tun asuba, fatar jikarki ce ta fi ƙarfinki?"

Malsuk ta koma kan kujerarta. Ta zauna a hankali.

"Ashe abin da kike zato ke nan."

"To me zan zata?"

"Faɗa mata, Mama," in ji Miran. "In ba ki faɗa ba ni zan faɗa."

Malsuk ta fito da hannayenta ta ɗora kan tebur.

"Su ne suka ja mata. Fatar da na zare wa kifi ita ake karɓa a jikinta. Ina tsoron in taɓa ta abin ya ƙaru. Ranar da na fara ganinta a asibitin haihuwa ni na fara ɗaukarta kafin kowa. Ni na yi mata wankan farko a gida. Bayan nan ta fara."

Dasom ta kalle ta kamar ba ta gane yaren ba.

"Watanni ke nan kina gudun 'yata saboda wannan?"

"Gudu nake yi mata, ba gudunta ba."

"Wa ya sa miki wannan maganar banzar a kai? Mahaifiyar Gitae ce ko? Na san za ta iya. Tun ranar aurenmu take toshe hanci in an ambaci kasuwa."

"Ba surukarki ba ce. Matar nan ba ta taɓa ce min komai ba sai alheri."

"To sunim ce, malamar haikalin?"

"Ita cewa ta yi in zo in yi girki in ina so, amma in sani haikali ba maɓoya ba ce. Har faɗa ta yi min."

"To wa?"

"Bar shi."

"Ba zan bari ba. Yau sai na je na same shi, ko wane ne."

"Dasom, na ce ki bar shi."

"Umma, wa?"

Malsuk ta ɗago ido.

"Ke."

Ruwan sama na bugun rufin leda. Mai fanke na kiran masu wucewa a waje.

"Ni?"

"Da aka kwantar da ita a asibiti lokacin kaka, da fatar ta yi ruwa zazzaɓi ya kama ta. Na zo da safe da miyar ganyen teku. Lif ya cika, na biyo matakala. Kina zaune a kan matakalar ke da mijinki, kin ba ni baya. Kika ce masa, ko alhakin wuƙar Umma ne ya faɗo kan 'yata."

Dasom ta dafa tebur.

"Ya ce ki yi shiru. Kika ce, ka taɓa ganin yadda take zare musu fata?"

"Umma..."

"Na ba ma'aikaciyar jinya miyar na koma kasuwa. Ranar na yanke yatsa sau biyu."

Dasom ta zame ta zauna kan kujera ta uku, Nuri a ƙirjinta. Fuskarta ta yi fari. 

"Na faɗa," ta ce da ƙyar. "Sai yanzu na tuna. Na faɗa."

"Ban ce kin yi laifi ba. Gaskiya kika faɗa."

"Ba gaskiya ba ce. Umma, a makon nan ban san dare ba ban san rana ba. Na zargi sabulu. Na zargi ruwan famfo. Na zargi kyanwar maƙwabta, da fentin ɗakin, da kofin da na sha ina da ciki. Na ce wa Gitae jininsu ne. Na tsaya gaban madubi na ce wa kaina ni ce muguwar uwa. Duk wanda ya zo bakina na jefa. Kafin la'asar na manta na ce haka."

"Ni ban manta ba."

"Me ya sa ba ki shigo kin mare ni ba? Ina 'yar sakandare na ce ina jin kunyar warin shagonki, kika bi ni da tsintsiya har bakin gada. Me ya hana wannan karon?"

"Wancan ƙarya ce, na san ƙarya ce. Wannan kuwa na daɗe ina faɗa wa kaina. Ke kawai kika furta."

Dasom ta rufe fuska da hannu ɗaya. Kafaɗarta na girgiza.

Miran ta tura mata kwalin tishu. Sai da kukan ya lafa ta yi magana.

"Mama, ni ba likita ba ce, ba kuma sunim ba ce. Kati ba ya warkar da fata, duk wanda ya ce miki yana yi ki tashi ki bar masa rumfarsa. Amma mutane na zuwa nan kullum da maganar alhaki, na gaji da yadda suke ɗaukarsa. Kowa gani yake wani ɗan sanda ne da ke bin gida gida."

"To mene ne in ba haka ba?"

"Matar da ta koya min katin nan ta ce asalin kalmar eopbo aiki take nufi. Abin da mutum ya aikata. Ba na jiya kaɗai ba, har na yau. Abin da kika yi da safen nan ma yana ciki. Abin da za ki yi in kin tashi daga kujerar nan ma yana ciki."

"Na jiya fa? Ya goge?"

"Ban sani ba. Ban san abin da kifi ke bin ki ba, kuma ba zan ce ba ya jin zafi ba. In wuƙar ta ishe ki, ki ajiye ta don ta ishe ki. Amma yarinyar nan ba ta feɗe kowa ba. Wane irin adalci ne zai tsallake mai wuƙa ya kama jaririya? In ke ce ke riƙe da sikelin za ki yanke haka?"

Miran ta ci gaba.

"Kuma tunda lissafin abin da hannun nan ya yi ake, a sa da ni. Shekarar da babana ya tafi ya bar mu, wa ya ciyar da ni da ƙanena? Wa ya je makaranta ya ce shi ne waliyyina ranar da za a kore ni?"

"Wannan ai ba wani abu ba ne."

"Na kifi ne abu, na mutum ba abu ba?"

Dasom ta share hanci ta yi dariya cikin hawaye.

"Ta kama ki, Umma."

"Ku biyun nan tun kuna yara bakinku ɗaya."

"Saura kati ɗaya," in ji Miran. "Ke za ki buɗe da kanki."

"In mummuna ne fa?"

"Sai mu kalle shi tare."

Malsuk ta miƙa hannun hagu, ta tsaya, ta janye. Ta miƙa na dama ta juya katin.

Mace ce cikin farar riga, furanni a kanta, ta sunkuya kan zaki. Hannayenta biyu na kan bakinsa. Zakin ya ɗago kai yana kallonta, jelarsa a ƙasa.

"Wannan mahaukaciya ce," in ji Malsuk. "Zai cinye ta."

"Sunansa Ƙarfi. Nemo min makami a jikinta."

Ta duba da kyau.

"Babu."

"Sarƙa fa? Sanda?"

"Babu. Hannu kawai."

"Ko safa ba ta sa ba. Kuma ba shaƙe shi take yi ba, dubi yatsun, shafa shi take yi. Abin da take tsoro shi ta matsa kusa da shi ta taɓa. Na farko takobi a hannu, na biyu takubba a kewaye, na uku ba ko ɗaya. Ba ni na jera su ba, ke kika ɗauko."

"Kin dai iya tsara zance."

"Da shi nake ci."

Nuri ta fara mutsu-mutsu. Ɗumin hita ya taso mata da ƙaiƙayi, ta shiga goga kumatunta da safa tana ƙaramin kuka, tana banƙarewa.

Dasom ta buɗe jakarta ta ciro man shafawar. Ta dube shi, ta dubi uwarta, ta ajiye shi kan tebur a gaban Malsuk.

"Lokacin mai ya yi."

"Shafa mata mana."

"Na gaji, Umma. Tun asuba nake shafawa har dare, kullum. Gitae na aiki, ni kaɗai ce a gidan. Wuyan hannuna ya kumbura, dubi. Ba addu'a daga kan dutse nake nema ba. Hannu nake nema."

"Nawa kaushi gare shi. Zai kankare ta."

"Da shi kika raine ni, ga ni da fatata."

"Akwai ƙarni."

"Kwana nawa rabonki da kifi? Miran, akwai ruwa?"

Miran ta ɗauko butar shayi da ɗan kwano, ta sirka da ruwan gora. Malsuk ta wanke hannu, ta sake wankewa, za ta yi na uku Miran ta janye kwanon.

"Ya isa. Za ki ƙarar min da ruwa."

Malsuk ta kara tafukanta a jikin hita har suka yi ɗumi. Ta matso man a yatsa. 

Dasom ta ɗora mata Nuri a cinya kafin ta sake tunani.

Malsuk ta sandare. Yarinyar ta yi nauyi, ba kamar yadda ta san ta ba. Haƙora biyu sun fito mata a ƙasa.

"Yaushe ta yi haƙori?"

"Tun watan jiya."

"Ba wanda ya faɗa min."

"Ba ki ɗaukar waya."

Ta kai yatsa kan kumatun a hankali, kamar mai taɓa garwashi. Ta shafa. Nuri ta tsaya da kuka ta zuba mata ido. Ta shafa ɗaya kumatun, ta gangara wuya, ta ɗaga 'yar haɓar ta bi tsagar da man.

"Yi haƙuri, 'yar kwikwiyata," ta ce ƙasa-ƙasa. "Kakarki ce wawuya. Yi haƙuri."

Nuri ta kama babban yatsanta da hannu mai safa ta kai baki.

"Kar ki ci, ba daɗi. Tsohon nama ne."

Hawaye na zubo wa Malsuk har kan rigar yarinyar, ba ta tsaya sharewa ba. Ta kwance maɓallan ta shafa ƙirji, ta juya ta ta shafa baya, ta bi bayan gwiwa ɗaya bayan ɗaya.  Yadda ta iya aiki da sauri a kasuwa haka ta iya wannan, ba inda ta tsallake.

Kafin ta gama Nuri ta lafe a ƙirjinta, idonta na lumshewa.

"Wajena ba ta taɓa yin shiru haka ba," in ji Dasom.

"Kina shafawa kina tsoro, tana ji."

"Ji mai magana."

Miran ta juya baya tana gyara butar da ba abin da ya same ta.

"Umma," in ji Dasom. "Ki yafe min abin da na faɗa."

"Ke ma ki yafe min watannin nan."

"Za ki tafi goben?"

Malsuk ta dubi kan Nuri.

"Sai na kira sunim. Za ta ce dama ta faɗa min."

"Shagon fa?"

"Ban sani ba tukuna. Ba na jin zan iya sake kafa ƙusar nan. Wataƙila in koma miya da shinkafa. Bari in fara koyon wannan aikin."

"Akwai ɗaki a gidanmu. Ƙarami ne, kayan Gitae na motsa jiki ne a ciki, ba ya taɓa su."

"Na ga alama a tumbinsa."

Su ukun suka yi dariya a hankali don kar su tashe ta.

Wayar Dasom ta yi ƙara. Ta duba.

"Baban Nuri ne. Ya biya asibiti karɓo sakamakon gwajin jininta."

Ta ɗauka ta sa a kunne.

"Ina ji... A'a, muna Nampo, wajen Miran. Me ya faru? Yi magana a hankali, ba na gane ka."

Ta miƙe tsaye.

"Da gaske? Likitar ta ce an gano?"

Malsuk ta ƙanƙame Nuri.

"Me aka gano? Dasom, me ya ce?"

Dasom ta ɗaga mata hannu, tana saurare. Fuskarta ta washe, sai kuma ta haɗe gira.

"Eh, tana nan. Ga ta a gabana, Nuri na hannunta... Eh, a hannunta na ce. Me ya sa kake tambaya?"

Ta sauke wayar daga kunne a hankali ta miƙa wa uwarta.

"Likitar ta ce sun gano abin da ke tayar mata da fatar, kuma ana maganinsa."

"To ni me zan yi da waya?"

"Gitae ya ba ta wayar, tana kan layi. Ta ce kafin ta faɗa mana, akwai tambayar da ke kaɗai za ki iya amsa mata."

Mu haɗu a shafi na gaba.